Gulbin Maraɗi: Takarda Ba Ta Shayar da Garke



A wannan fitowa maganarmu a kan Gulbin Maraɗi take, kuma za mu yi ta da babbar murya domin hukuma ta ji, sarakuna su ji, duk mai dabba ya ji. Abu biyu muke nema. Na ɗaya, a yi wa gulbin doka tasa ta musamman, wadda za ta tsare gaɓarsa da mashayansa da itatuwan da ke kewaye da shi. Na biyu, a buɗe masa asusu wanda kuɗi za su riƙa shiga kowace shekara, ko masu taimako na waje sun zo ko ba su zo ba. Muddin ba a yi waɗannan biyu ba, to duk taron da za a kira a kan zaman lafiyar manoma da makiyaya ɓata lokaci ne.

Wanda yake kiwo a arewa, wajen Dakwaro ko kwarin Tarka, yana iya cewa ina ruwansa da gulbin kudu. To ya saurara. Gulbin nan daga ƙasar Katsina ta Najeriya yake fitowa, inda ake kiransa Gada. Yana wucewa ta Jibiya, ya shigo Nijar ta wajen Nyelwa, ya bi ta ƙasar Madarunfa, ya ratsa gindin Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya sake komawa Najeriya ta wajen Sululu bayan ya yi tafiyar fiye da kilomita 100 a cikin ƙasarmu. Can sai ya haɗu da Gulbin Rima, ruwansa ya gangara Sakkwato, daga nan ya zuba cikin kogin Kwara wanda ya ratsa Yamai. Idan kaka ta wuce aka saki gonaki, garken arewa kudu yake gangarowa cin kara da harawa, kuma fadamar gulbin nan ce mashayarsa. Haka shanun da fatake suke korowa zuwa kasuwannin kudu da na hayin iyaka, a nan suke jiƙa maƙogwaro kafin su ƙarasa.

Gulbi ne na damana. 'Yan watanni yake gudu, sauran shekara sai rairayi. Amma dattawa sun san cewa amfaninsa bai tsaya ga ruwan da ido ke gani ba. Idan ya cika ya malala cikin fadama, ya kwana biyu a kwance, ƙasa takan sha ta ƙoshi. Wannan ruwan da ƙasa ta sha shi ne muke tararwa da rani cikin rijiyoyi marasa zurfi, shi ne ke riƙe gawo da kanya da tsamiya da ɓaure, shi ne ke sa ciyawar fadama ta yi saura bayan ta tudu ta bushe. Shi ne kuma ke taimakon Tafkin Madarunfa, inda masunta ke kamun kifi, bisashe ke sha. Saboda haka duk shekarar da gulbi bai malala ba, mai jan guga da bazara shi zai fara sani, domin igiya za ta ƙara tsawo.

Abin da ke cin gulbin

Ta fuska uku gulbin nan yake shan wuya, kuma ya kamata mu bambanta su don kada mu ɗora wa mutum ɗaya laifin mutum uku.

Ta farko daga sama take. A 1989 aka gama gina madatsar ruwa ta Jibiya, wadda aka yi ta don ta ɗauki ruwa kubik mita miliyan 142, domin shan mutanen can da noman raninsu. Ba mu ga laifin kowa ba don ya nema wa mutanensa ruwa. Mutanen Jibiya danginmu ne, Katsinawa ne kamar waɗanda suka kafa sarautar Maraɗi, akwai aure da kasuwa tsakaninmu. Sai dai ruwan farkon damana, wanda a dā yake isowa ya jiƙa fadama tun da wuri, yanzu sai ya fara cika tafkin madatsar kafin ragowar ya gangaro. Mazauna bakin gulbi, manoma da makiyaya, bakinsu ɗaya a kan cewa malalar ba ta kai ta dā ba, kuma ba ta daɗewa kamar dā.

Ta biyu daga gefe take, wato daga tudu. An sassabe daji, an mayar da saura gona, an sare itace an kai birni. Idan ruwan sama ya sauka a kan ƙasar da ba ciyawa ba itace, ba ya tsayawa ya shiga ƙasa. Gudu yake yi, ya tsaga kwari, ya kwashi rairayi ya zuba cikin gulbi da tafki. Kowace shekara kwarin yana ƙara faɗi, tafki yana ƙara cikewa. Abin da ya fi ban takaici shi ne, ruwan da muke kukan rashinsa da bazara, shi ne ke rusa gidaje da damana. A 1945 ambaliya ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, har aka mayar da gari bisa tudu inda yake a yau. A watan Yuli na 2018 ambaliya ta kashe mutane fiye da 40 a Jibiya, aka tsinci gawarwakin wasu a cikin ƙasar Nijar. A damanar 2024 kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi asarar rayuka da gidaje da dabbobi. Wanda ya ga haka ya san gulbi bai san iyakar ƙasa ba.

Ta uku a bakin gulbin take. Noman rani ya yawaita, garka na bin garka, shinge na bin shinge. Injin ban ruwa ya maye gurbin guga, kowa ya samu hali sai ya kafa bututu ya ja ruwan ƙasa iyakar ƙarfin mansa. Manyan motoci suna kwasar yashi inda suka ga dama. Mu ba abokan gabar noman rani ba ne. Zogale da albasa da tattasai na Jiratawa da maƙwabta suna ciyar da gidaje masu yawa, mu ma muna saye muna ci. Amma a wurare da dama an toshe hanyar da dabba za ta bi ta sauka mashaya. Burtalin da garke biyu ke giftawa a dā, yau da ƙyar saniya biyu za su jera. Inda aka bar filin kiwo kuwa, garmani ya mamaye shi, ciyawar da dabba ba ta so.

A kan waɗannan sai ga rashin tsaro. Tun wajen 2019 'yan bindiga suka addabi bakin iyaka ta ɓangaren Madarunfa da Gidan Rumji, ana satar shanu ana kama mutane, dubban 'yan gudun hijira suka shigo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Dajin Babban Rafi da makiyayi ke fakewa ciki ya zama abin tsoro. Mai garke ya matso kusa da gari da bakin fadama don ya tsira da ransa da dukiyarsa, ya tarar an rufe hanya. Ina zai sa kansa?

Kada mu manta da Toda. A watan Oktoba na 1991, a cikin wannan jiha tamu, rigimar da ta taso daga ɓarnar gona ta ci rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Ba mu tono wannan don fama wa kowa ciwo ba. Mun tuna ne domin kowa ya san inda abu kan kai idan aka bar dabba ba hanya, aka bar gona ba kariya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Takardun da ke akwai

Wani zai ce ai dokoki suna nan. Gaskiya ne, kuma ya kamata kowane mai dabba ya san su.

Ranar 18 ga Yuli 1990 Nijar da Najeriya suka sa hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar raba ruwan gulabe huɗu da suka haɗa su: Magiya, da Gulbin Maraɗi, da El Fadama, da ƙarshen Komadugu Yobe. Yarjejeniyar ta ce kowace ƙasa tana da rabonta na adalci, kuma duk wadda za ta yi wani aiki da zai taɓa ruwan sai ta sanar da 'yar'uwarta an yi shawara. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu da aka kafa tun 1971, mazauninta a Yamai. Akwai kuma hukumar kogin Kwara mai ƙasashe tara, ita ma a Yamai, wadda ta amince da kundin ruwa a 2008. Fitar da Nijar ta yi daga CEDEAO a watan Janairu na 2025 ba ta shafe ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin ba a ƙarƙashin CEDEAO aka ƙulla su ba.

A cikin gida, kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya sa burtali da hanyoyin tafiyar garke cikin dukiyar jama'a wadda ba a sayarwa, ya kuma kawo hukumomin filaye da muke kira kofo, waɗanda yanzu ake da su daga gunduma har ƙauye. Dokar ruwa ta 2010 ta ce samun ruwa haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, ta kuma ce mai ɗibar ruwa don sana'a ya biya, mai gurɓata shi ya biya. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, wadda ƙungiyoyin makiyaya suka yi shekaru suna fafutuka kafin a samu, ta ce tafiya da garke haƙƙi ne da gwamnati ta lamunce, kuma toshe hanyar mashaya laifi ne.

Duk mun yarda da waɗannan. Amma 'yan'uwa, takarda ba ta shayar da garke. Dokokin nan na ƙasa baki ɗaya ne. Ba su faɗi inda gaɓar Gulbin Maraɗi ta tsaya ba, ba su ƙidaya mashayansa ɗaya bayan ɗaya ba, ba su faɗi ranar da za a sako ruwa daga sama ba. Idan ka kai kuka wurin kofo, sau da yawa za ka tarar da mutanen kirki masu son aiki, sai dai ba mota, ba mai, ba kuɗin sayen siminti na kafa alama. Wani lokaci mai ƙara shi zai biya kuɗin tafiyar waɗanda za su duba ƙararsa. Talakan da ke da awaki goma ina zai samu?

Abin da muke nema a doka

Muna kira ga hukumomin Yamai da gwamnan jihar Maraɗi da a zartar da doka ta musamman a kan gulbin nan da duk ƙasar da ruwanta ke zuba cikinsa, kuma ta ƙunshi waɗannan abubuwa.

Na farko, a auna gaɓar gulbi da ta Tafkin Madarunfa tun daga Nyelwa har Sululu, a kafa alamun siminti da kowa zai gani, a bar rata tsakanin ruwa da shingen farko inda ba za a yi noma ko gini ba.

Na biyu, a ƙidaya mashaya da hanyoyin sauka zuwa gare su, a rubuta sunan kowace da faɗinta a littafin kofo, a karanta a gaban sarki da mai gari da arɗo da manoman wurin. Inda aka riga aka toshe, a buɗe cikin lalama, a bai wa mai garka wa'adi ya kwashe amfaninsa. Idan talaka ne da ba shi da wani wurin, a duba halinsa a biya shi.

Na uku, a sa ƙa'ida ga manyan rijiyoyin burtsatse da wuraren kwasar yashi. A riƙa auna zurfin ruwan ƙasa cikin fadama rani da damana, a faɗa wa jama'a abin da aka gani ta rediyo.

Na huɗu, a tsare itatuwan bakin gulbi da na bakin kwari, kuma hukuncin ya hau kan kowa daidai, mai gatari na ƙauye da mai babbar mota na birni.

Na biyar, a farfaɗo da yarjejeniyar Maiduguri. Ƙwararrun ƙasashen biyu su zauna su tsara lokutan sakin ruwa daga Jibiya, yadda fadama za ta samu rabonta, kuma a riƙa yi wa mutanen gangare gargaɗi tun da sauran lokaci idan ruwa mai yawa na tafe. Ƙasashen da suka iya daidaitawa a kan hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a 2021, ba za su kasa daidaitawa a kan ruwan da ya riga jirgi bin wannan hanya ba.

Na shida, duk kwamitin da za a kafa don gulbin, a sa wakilan makiyaya na gaskiya, waɗanda masu dabbobi suka zaɓa, har da masu zuwa daga arewa da rani, har da mata masu tallan nono da kiwon ƙananan bisashe. Kada a kira taro da damana lokacin da garke ke arewa, sa'an nan a ce an gayyace mu ba mu zo ba.

Ina kuɗin za su fito?

Wannan ita ce tambayar da ake rufe mana baki da ita. To ga amsarmu.

Duk ranar kasuwa, a Maraɗi da Tunfafi da Ɗan Isa da Gidan Rumji da sauransu, ana yankar tikiti a kan kowace saniya da tunkiya da akuya da raƙumi. Ana biya idan an shigo da dabba, ana biya idan an sayar, ana biya idan za a fita da ita waje. Kowa ya san cewa kasuwar dabbobi na cikin manyan ƙofofin samun kuɗi na ƙananan hukumomi da yawa. Ba mu ƙi biya ba. Tambayarmu ita ce, nawa ne daga ciki ke komawa ga ruwan da ya raya dabbar har ta iso kasuwa?

Shawararmu ita ce kowace ƙaramar hukuma da gulbin ya ratsa ta ware kashi ɗaya cikin goma na harajin kasuwar dabbobi ta zuba cikin asusun gulbi. Gwamnati ta sa nata kason cikin kasafin kowace shekara, da sunan gulbin a rubuce. Masu motocin yashi da masu manyan gonakin ban ruwa su biya gwargwadon abin da suke ɗiba, kamar yadda dokar ruwa ta riga ta faɗa. Ƙaramin mai garka da ke ban ruwa da hannu, da makiyayin da ya kawo garkensa sha, kada a karɓi ko dala a hannunsu. Idan masu taimako na waje sun zo, madalla, su ƙara a kan abin da muka tara. Mun sha ganin ayyukan da ke zuwa da motoci da alluna, bayan shekara huɗu ko biyar su naɗe tabarma, aikin ya tsaya ranar da suka tafi. Gulbi kuwa kowace damana yana buƙatar gyara.

Aikin da kuɗin za su yi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A Keita, cikin jihar Tawa, tun 1984 mutane, galibi mata, suka farfaɗo da ƙasar da ta mutu ta hanyar jera duwatsu da haƙa ramuka da dasa itace. A kwaruruwan Adar an gina ƙananan datsi masu baje ruwa cikin fadama don ƙasa ta sha, rijiyoyi suka taso. A nan Maraɗi kuma manoma ne suka nuna wa duniya sassaben zamani, inda ake barin tohon itace cikin gona ana rainonsa, har miliyoyin itatuwa suka dawo a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawon da suka raina yana ba gona taki, yana ba bisashenmu 'ya'ya da ganye da rani. Ilimin yana nan, masu aikin suna nan. Rabin wata a kan tudu, duwatsu cikin ragar waya a bakin kwari, shuka ciyawa inda aka tuge garmani, yashe tafki, kafa alamun burtali, man babur na 'yan kofo, waɗannan su ne abin da asusun zai biya.

Sharaɗi ɗaya ne ba za mu sassauta ba. Kuɗin jama'a a bayyane ake riƙonsu. Sau biyu a shekara a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, da Hausa da Fulatanci da Tamashek, a rediyon karkara da kuma ranar kasuwa. Kada a fitar da ko jika ɗaya sai da hannun wakilin manoma da na makiyaya.

Namu kason

Mai neman haƙƙi sai ya sauke nasa nauyi. Muna kira ga arɗaɗe da ruggage su tsaya a kan matasa masu kora, kada a shiga gona kafin ranar da hukuma ta sa ta sakin gonaki, kada a yi kiwon dare kusa da garka. Mai sassaƙar reshe don dabba ya yi shi yadda itacen zai sake tohowa. Idan an ga sabon shinge a kan burtali, kada a kai hannu ga sanda ko adda. A kira mai gari, a sanar da kofo, a kawo mana labari a ofishin ƙungiya da sunan wurin da ranar da aka gani, domin mu samu abin riƙewa idan mun je gaban hukuma.

Ku kuma fatake da dillalai, maganar nan taku ce. Kun fi kowa sanin yadda sa ke zubewa idan ya yi kwana biyu a hanya ba ruwa, da yadda farashinsa ke faɗuwa da zarar mai saye ya ga haƙarƙari. Kun san abin da kuke kashewa wajen sayen ruwa a famfon 'yan kasuwa. Kuna da baki a wurin masu mulki fiye da mai sanda a daji. Ku yi amfani da shi. Duk ranar da aka miƙo muku tikiti, ku tambaya ina rabon gulbi.

Ga 'yan'uwanmu manoma da masunta muna cewa, ruwan da ke ja baya a rijiyarmu shi ne ke ja baya a taku. Yau injinka yana kaiwa, gobe sai ka ƙara bututu, jibi sai mai kuɗi kaɗai zai iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku zo mu kai kukan tare.

Za mu rubuta waɗannan buƙatu mu zagaya da su kasuwa kasuwa da ruga ruga, mai sa hannu ya sa, mai dangwala yatsa ya dangwala, sa'an nan mu miƙa su ga gwamna da sarakunan Katsinar Maraɗi da Gobir da hukumomin Yamai. Duk amsar da aka ba mu za ku karanta ta a wannan fili, idan kuma an yi shiru, shi ma za mu faɗa muku.

Allah Ya ba mu damana mai albarka, Ya tsare mana dukiyarmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.